Saƙon Waya Ga Abokin Zama: Abin Da Masu Zuba Jari Za Su Duba Kafin A Kai Shi Panda

KEFFI – Tun daga watan Agusta na shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula a ƙasar nan, kusan babu wata harka ta yau da kullum da ba ta koma cikin waya ba. Manomi a Panda yana jin farashin doya a Mararaba tun kafin ya ɗora ta a mota, ɗan kasuwa a Keffi kuma yana biyan dillalinsa ba tare da ya ƙirga takardar Naira ko ɗaya ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu harkar fasahar sadarwa suka fara tunanin cewa wayar za ta iya ɗaukar saƙon da baki yake jin nauyin faɗa, watau sanar da mutum cewa an sami wanda ya sadu da shi da wata cuta daga cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, don haka shi ma ya je a duba shi.

Tunanin yana da kyau, kuma bukatar tana nan. Sai dai lalle ne duk wanda yake niyyar sa kuɗinsa a wannan harka, ko kamfani ne ko gwamnati ko ƙungiyar agaji, ya san cewa saƙon shi ne kashi mafi araha kuma mafi sauƙi a cikin aikin. A gari irin Panda, saƙon da ba daga asibiti ya fito ba, wanda kuma babu ma'aikacin lafiya da kayan gwaji da magani a bayansa, ɓarnarsa za ta fi amfaninsa yawa.

Dalilin da ya sa likitoci suka damu da abokin zama a bayyane yake. Idan aka yi wa magidanci maganin ciwon sanyi aka bar matarsa, cikin 'yan makonni zai sake ɗauka daga wurinta, kuɗin allura da na ƙwayoyi kuma sun tafi a banza. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yawancin waɗannan cututtuka ba sa nuna alama, musamman a jikin mata, har sai sun yi ɓarna, kamar toshewar hanyar ƙwai, da ciki a wajen mahaifa, da rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana fiye da mutum miliyan 1 ne suke kamuwa da irin waɗanda ake iya warkarwa, kuma a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamu miliyan 374 a duniya. Tunjere, wanda wasu suke ɗauka ciwon mutanen da ne, ya kama manya kimanin miliyan 8 a shekarar 2022, yana kuma wucewa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta, ya jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai.

Dangane da cutar ƙanjamau kuwa, babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a shekarar 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma jimillar masu ita ta kai kimanin mutum miliyan 1.9. A Jihar Nasarawa adadin ya kai wajen kashi 2 cikin 100, watau sama da na ƙasa baki ɗaya, yayin da na maƙwabciyarta Binuwai ya ninka wannan fiye da sau biyu. Waɗannan shekaru su ne na masu jini a jika, waɗanda suke noma, suke tuƙi, suke tsaron shago, suke biyan kuɗin makarantar yara. Mai kamfanin sufuri da direbansa ya kwanta wata uku ya san abin da ake nufi ba sai an kawo masa alƙaluma ba.

Garin Panda yana arewa da Keffi, cikin ƙaramar hukumar Karu, kusa da iyakar Jihar Kaduna. Gari ne na manoma, cibiyar masarautar Nyankpa, waɗanda aka fi sani da Yeskwa, kuma Hausa ce harshen kasuwa tsakanin mutanen garin da Fulani da baƙi. Hanyar da ta bi ta Gitata ta haɗa shi da Keffi, samarinsa kuma da yawa suna neman abinci a Mararaba da Masaka da cikin Abuja, su dawo gida lokacin shuka ko girbi ko bukukuwa. Irin wannan kai da komo shi ne yake sa sanar da abokin zama ya yi wuya. Wanda ake nema wataƙila yana wata jiha, wataƙila sunansa na kasuwa kawai aka sani, abin da ake da shi tabbas shi ne lambar wayarsa. Daga nan ne hujjar masu son a yi amfani da waya ta samo ƙarfinta.

Ba yau aka fara gwada wannan dabara ba. A shekarar 2004 wata ƙungiya tare da sashen lafiya na birnin San Faransisko a Amurka suka buɗe wani shafi a intanet mai suna inSPOT, inda wanda aka same shi da cuta zai aika wa abokan kwanciyarsa kati ta wasiƙar intanet, da sunansa ko ba suna. Ya zuwa shekarar 2008 an aika katuna kusan 50,000, jaridu kuma suka yi ta yabo. Amma da masu bincike suka bi sawun abin a asibitocin Seattle da na Jihar Kolorado, sai suka tarar kaɗan ne ƙwarai daga cikin majinyatan da aka nuna wa shafin suka yi amfani da shi, kuma yawan katunan da aka aika bai nuna yawan mutanen da suka je gwaji ba. A birnin Melbourne na Ostiraliya ma cibiyar kula da irin waɗannan cututtuka ta buɗe nata shafin mai aika saƙon tes, kuma tun farko babban abin da ake jin tsoro game da irin waɗannan shafuka na kowa da kowa shi ne mugun mutum ya shiga ya aika wa wanda yake jin haushi saƙon ƙarya.

Mutanen Holan sun ɗauki darasi daga wannan. Tsarin da hukumomin lafiya na Rotterdam da Amsterdam suka gwada a shekarar 2012 ba ya barin kowa ya aika saƙo sai wanda ma'aikaciyar jinya ta ba shi wata lamba ta musamman bayan gwaji ya tabbatar da cutar. A Landan kuma tsarin SXT yana ba wanda aka aika wa saƙon wata lamba da zai nuna a asibiti, ta yadda za a san saƙo nawa ne ya kawo mutum har gaban likita. Waɗannan ƙasashe ne da kusan kowa yake karatu, kowa yake riƙe da wayarsa shi kaɗai, asibiti kuma yake gwaji da magani kyauta ko kusa da kyauta. Duk da haka sai da suka ga ya wajaba su ɗaure saƙon a jikin asibiti.

A nahiyar Afirka, shaidar da ta fi ƙarfi tana nuna amfanin ma'aikacin lafiya ne. A wani gwaji da aka yi a birnin Lilongwe na Malawi, wanda aka buga sakamakonsa a 2011, kashi 24 cikin 100 ne na abokan zama suka zo asibiti idan aka bar wa majinyaci ya gaya musu da kansa, amma adadin ya kai kashi 51 idan ma'aikacin lafiya ya shiga tsakani. A Kenya, gwajin da aka yi a asibitoci 18, aka buga a 2017, ya nuna kashi 67 cikin 100 sun yi gwajin ƙanjamau inda ma'aikata suka bi su nan take ta waya ko ta ziyara, inda ba a bi su ba kuwa kashi 13 ne kacal. A Kamaru asibitocin cocin Baptis sun fara irin wannan aiki tun shekarar 2007. Bisa irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a watan Disamba na 2016 cewa a riƙa taimaka wa masu ƙanjamau wajen sanar da abokan zamansu, da sharaɗin cewa da yardarsu za a yi, ba tilas. Nijeriya ta shigar da wannan cikin shirinta na yaƙi da cutar, kuma Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cututtukan Ɗan Adam ta Nijeriya, IHVN, wadda aka kafa a 2004, ta yi shekaru tana tallafa wa asibitocin Jihar Nasarawa a wannan fanni. Waya tana cikin kayan aikin, amma muryar mutum ce a cikinta, mutumin da zai iya amsa tambaya, ya kwantar da hankali, ya ce a zo ranar kaza a nemi wane.

Yanzu sai a duba abin da zai faru da saƙon tes idan ya sauka a Panda. Duk tsarin da aka ambata a sama an gina shi ne bisa zaton cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 ne na mata suke da wayar kansu, maza kuwa kashi 81, kuma kusan rabin matan ƙasar ba sa iya karatu. A ƙauye lambar da mace za ta bayar sau da yawa ta mijinta ce, ko ta ƙaninta, ko ta maƙwabciya. Inda wayar tata ce ma, ɗanta ɗan sakandare shi yake karanta mata saƙo da babbar murya a tsakar gida. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, waya takan yini a rumfar mai caji tare da wasu talatin, kuma ƙaramar waya ba kowa yake kulle ta ba. Bugu da ƙari, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yakan sake sayar da shi, ta yadda saƙon da aka nufi wani da shi zai faɗa hannun baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. A birni mai mutum miliyan biyar saƙo marar suna yana iya zama marar suna. A garin da kowa ya san kowa, matar aure da ta sami saƙon nan ta san daga inda ya fito kafin ta kai ƙarshensa, haka kuma mijin da ya ga irinsa a wayar matarsa zai yanke hukunci kafin a yi masa bayani.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko cin zarafi ko muzgunawa daga mazajensu. Kuma da yake mata ne suka fi zuwa asibiti saboda awon ciki, su ake fara ganowa, ko da kuwa miji ne ya kawo cutar gida. A gidan da ake da mata biyu ko uku, wadda aka fara samu da cutar ita za a ɗora wa laifi, kishiyoyi da dangin miji kuma ba za su jira sakamakon gwaji ba. Na'ura ba za ta tambayi mace ko tana tsoron mijinta ba kafin ta aika saƙo. Ungozoma mai hankali za ta tambaya, in ta ga akwai haɗari ta dakata, ko ta gayyaci mijin da sunan lafiyar jaririn da ke ciki, a gwada su tare kamar ba a san komai ba.

Akwai kuma wata matsala da ba kasafai masu rubuta manhaja suke saninta ba, ita ce kalmar "sanyi" da kanta. A bakin jama'a duk wani ƙaiƙayi ko fitar ruwa daga gaban mace sanyi ne. Alhali kuwa likitoci sun san cewa kaso mai yawa na irin waɗannan koke-koke ba ta hanyar saduwa ake ɗaukar su ba, suna tasowa ne daga sauyin ƙwayoyin halitta da ke zaune a jikin mace, kuma budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yin su. A yawancin ƙananan asibitoci babu ɗakin gwajin da zai bambanta wannan da wancan, don haka ma'aikaci yana bin alamu ne ya ba da maganin da zai rufe duk abin da ake zato. Wannan dabara ce mai amfani wajen magani, domin ta fi barin majinyaci ya tafi hannu rabbana. Amma idan aka ɗora sanarwa a kan zato, to an aika wa miji takardar tuhuma a kan ciwon da babu wanda ya ba wani. Garin neman gira sai a rasa ido, aure ya mutu a kan abin da ƙwayar magani ta kwana kaɗan za ta kawar. Saboda haka bai kamata saƙo ya fita ba sai a kan abin da gwaji ya tabbatar, kamar ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B, ko kuma alamun da ba su da shakka sosai, irin fitar mugunya daga gaban namiji.

Ko da saƙon ya isa hannun wanda aka nufa, sai an yi da gaske zai yarda da shi. 'Yan Nijeriya sun sha wuya a hannun 'yan damfara masu aiko da saƙon cewa an ci kyauta ko an rufe asusun banki, har ta kai mai hankali yana share duk saƙon da bai san mai shi ba. Kamfanonin ba da rance ta waya kuma sun ƙara ɓata ruwan, da suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi suna aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙonnin tozarci, wasu har da ƙagen cuta. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda keta sirrin jama'a, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas. A ƙasar da aka riga aka ga haka, buɗe shafin da kowa zai shiga ya aika wa kowa saƙon cewa ya je a gwada shi tamkar miƙa wa kishiya da abokin gaba da saurayin da aka ƙi makami ne kyauta.

Doka ma ba ta bar abin sakaka ba, kuma a nan ne ya kamata 'yan kasuwa su buɗe ido sosai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye duk bayanin da ya shafi lafiyar majinyaci. Dokar hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau ta 2014 ta hana bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, ta kuma hana mai ɗaukar ma'aikata ya sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ba da aiki, ko da yake ta amince cewa miji ko mata suna da haƙƙin sanin matsayin juna idan akwai haɗarin kamuwa. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta sa bayanan lafiya cikin rukunin masu tsananin sirri, ta kuma tanadi tarar da za ta kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai. Tun daga Disamba na 2020 kuma aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da ke nufin lambar waya ta zama suna da hoto da adireshi. Kamfanin da ya tara jerin lambobin masu cuta da na waɗanda suka kwana da su ya tara abin da, in ya fita, babu tarar da za ta gyara. Irin wannan jeri bai dace a sayar wa mai talla ba, ko kamfanin inshora, ko mai shagon magani, kuma duk lissafin ribar da ya dogara da sayar da shi ya saɓa wa doka tun daga tushe.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nufin a bar waya a koma wa tsohon katin gayyata na takarda, wanda majinyaci kan yaga tun kafin ya fita ƙofar asibiti. Abin da ya dace da Panda tsari ne mai sauƙi. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai iya tayar da sanarwa, bayan gwaji, bayan ya zauna da majinyaci ya sami yardarsa, ya kuma tabbatar ba a jefa kowa cikin haɗari ba. A fara da kira, cikin Hausa ko Nyankpa ko Fulatanci, a tabbatar da wanda ake magana da shi. Saƙon tes ya biyo baya a matsayin tunatarwa, ba tare da sunan cuta ko sunan wani mutum ba, illa gayyata zuwa duba lafiya kyauta da wata gajeriyar lamba da za a nuna a asibiti. Lambar nan ta yi aiki a Panda, ta yi aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ta yi aiki a Mararaba, domin da yawa za su fi son zuwa inda ba a san su ba, kuma wanda ake nema wataƙila can yake zaune. Bayan an gama, a goge lambar wayar. Babu abin da yake bukatar babbar waya ko intanet a ɓangaren wanda ake gayyata.

Wani wurin da ya kamata a sa ido shi ne shagon magani. Namijin da ya ga alamar ciwon sanyi ba asibiti yake fara zuwa ba. Yakan je kemis da dare ya sayi kafso na kwana biyu gwargwadon kuɗin aljihunsa, ko ya nemi mai maganin gargajiya a tasha. Da zafin ya lafa sai ya daina sha, ƙwayar cutar kuma ta koyi bijire wa maganin, wanda shi ya sa magunguna da dama da suke kashe ciwon sanyi a da suka daina aiki, har aka koma dogara da allurar ceftriaxone. Mai kemis ba likita ba ne, kuma bai kamata a ba shi ikon aika sanarwa ba. Amma shi ne yake ganin majinyacin da asibiti ba ya gani. Idan aka ba shi hanyar tura mutum asibiti da lamba, aka kuma biya shi wani ɗan lada a kan duk wanda ya isa aka gwada, to an mayar da shi abokin aiki, maimakon mai cin riba daga ciwon da yake komowa duk wata. Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda take ba waɗannan shaguna lasisi, tana da rawar da za ta taka a nan.

Saura batun kuɗi. Bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da shi a watan Janairu na 2025, saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6, watau saƙo 1,000 bai wuce Naira 6,000 ba. Nauyin yana wurin abin da mutum zai tarar idan ya amsa gayyata. Wanda ya bar gonarsa ya biya kuɗin babur, ya zo aka ce kayan gwaji sun ƙare ko ya je ya sayo allura a waje, ba zai sake amsawa ba, kuma zai gaya wa wasu. Kayan gwajin nan guda mai gano ƙanjamau da tunjere a lokaci ɗaya farashinsa ya sauko ƙasa da Dala 1 tun ƙarshen 2021, tunjere sabon kamu kuma allurar penisilin ɗaya take warkar da shi, in akwai ta a kan kanta. Shekaru da dama shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 2003, shi ya ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin yaƙi da ƙanjamau a ƙasar nan, har da alawus na ma'aikatan sa kai masu bin sawun majinyata. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar. Magani shi ne abin da kowa zai fara karewa, kuma daidai ne. Mai kiran waya da mai zama da majinyaci su ne aka fi saurin mantawa da su a lokacin tsuke bakin aljihu, alhali su ne gwajin Malawi da na Kenya suka nuna suna kawo mutane.

'Yan kasuwar ƙasar nan sun riga sun sa ƙafa a wannan fage. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta yaƙi da ƙanjamau, NiBUCAA, tana nan tun 2003, kuma a watan Fabrairu na 2022 aka ƙaddamar da Asusun Amana na Ƙanjamau da burin tara Naira biliyan 62, musamman don hana uwa ba jaririnta cutar. Sai dai ba lalle sai manyan bankuna da kamfanonin mai ba. Ƙungiyar direbobi ta tashar Keffi, da dillalan hatsi da doya, da masu gidajen mai da ke kan hanyar Gitata, duk suna da ma'aikatan da wannan lamari ya shafa, kuma ɗaukar nauyin kayan gwaji na shekara guda a asibiti ɗaya bai fi ƙarfinsu ba idan suka haɗa hannu. Sharaɗin kawai shi ne mai ba da kuɗi ba shi da haƙƙin sanin wanda ya je da wanda bai je ba, ko da kuwa yaronsa ne.

Ga matasan da suke rubuta manhaja a Abuja da Keffi, har da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, kasuwar tana wurin gwamnati da asibitoci da hukumar inshorar lafiya ta jiha, waɗanda suke bukatar tsarin da zai riƙe sirri, ya yi aiki a ƙaramar waya, ya kuma jure rashin wuta da raunin sabis. Riba ce ƙarama mai zuwa a hankali. Mai zuba jari da aka kawo wa irin wannan shiri aka nuna masa yawan saƙonnin da aka aika, ya kamata ya nemi wasu alƙaluma dabam: mutum nawa ne suka zo da lambarsu, nawa aka gwada, nawa aka yi wa magani a ranar, kuma mace nawa ce ta dawo da ƙorafin an dake ta ko an sake ta a dalilin sanarwar. Hukumar NACA a tarayya da takwararta NASACA a Lafiya su ne ya kamata su gindaya wannan ma'auni kafin a ba kowane kamfani izinin taɓa lambar majinyaci ko ɗaya, ƙaramar hukumar Karu da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha kuma su sa kuɗin katin waya da alawus na ma'aikatan da za su yi kiran cikin kasafinsu na shekara mai zuwa.